Idon Inna a Hasken Murhu

Ni kaɗai ne yaro a gidan kakata a Zurmi. Mahaifiyata ta rasu ina rarrafe, mahaifina kuma yana Shinkafi da iyalinsa, sai dai aike. Saboda haka hirarmu ta bayan cin tuwo ba irin ta sauran gidaje ba ce, inda jikoki ke ture-turen wurin zama. Mu biyu ne, sai wutar karan da ta rage a murhu. Inna nake kiranta, ita kuwa maigida take ce mini, wai mijin da bai taɓa kawo cefane ba.

Akwai wata tatsuniya da take yawan maimaitawa, ni kuwa ba na son ta, don babu kura, babu waƙa. Wai wani manomi ne sassan jikinsa suka riƙa kawo masa ƙara. Haƙori ya yi kuka, ya nemo masa kanumfari. Ido ya yi kuka, ya sa masa tozali. Ciki ya yi ƙugi, ya dama masa fura. Hanta kuwa tana can tana aiki, in ya tambaye ta sai ta ce lafiya lau.

"To, mi yas same ta, Inna?"

"Gajiya, maigida. Ran da tat tashi magana, babu sauran abin gyara. Kai dai in ka girma, ka riƙa leƙa wanda bai kuka."

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara na tafi Sakkwato karatun likita, na bar ta ita kaɗai. Lokacin da ake ta zancen ƙaddamar da Shari'a a Gusau, na samu hutun kwana guda na zo. Bayan magariba na iso, na tarar da ita bakin murhu, ta rame, tana yawan sosa hannu.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi, maigida. Tsuhwa ce."

Na yarda, ni da na haddace sunan kowace jijiya, alhali na san mutanenmu ko ana kan gargara da sauƙi ake cewa. Da asuba na kama motar Ƙaura don komawa makaranta. Ashe maƙwabta sun san ciwon shawara ya kama ta, idonta ya yi ɗorawa, suna ta ba ta jiƙon rawaya. Ita ta hana a gaya mini, wai kada a tayar wa mai karatu hankali. Sai bayan an binne ta saƙo ya same ni.

Na gama karatu, na yi shekarar horo a asibiti, na yi bautar ƙasa, na sake shekaru ina koyon cututtukan ciki kafin na tsaya a kan hanta. Ranar farko a wannan sashe, wani dattijon malaminmu ya ce kada mu kuskura mu duba idon mai ciwon hanta a hasken fitila ko na wuta, domin yana ɓoye launin ɗorawar shawara; a kai shi hasken rana. Abokaina suka rubuta. Ni fita na yi bayan ɗakin marasa lafiya na yi kuka.

Yanzu in tsohuwa ta zauna gabana ta ce da sauƙi, ba na rubuta komai, sai in ce, "Iya, taso mu je bakin taga." Ban san iyakar idanun da na duba haka ba, duk na iyayen wasu. Nata kaɗai na duba a duhu.