Ranar da Muryar Umma Ta Rasa Hanya

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, aka tafi da mahaifiyata Indiya za a yi mata aikin zuciya. Kawuna ne ya raka ta. Ni ce 'yar fari, kuma kun san yadda abin yake a gidajenmu na Daura: ba ta faɗin sunana, ba ta zama hira da ni. In tana son ruwa sai ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa waccan ta kawo." Ban taɓa jin haushi ba, a haka na buɗi ido na ganmu.

Gidanmu yana can wajen gari ta hanyar Mai'adua, sabis ba ya zama a waya. Shi ya sa kafin su tafi Baba ya sa aka ɗaura mana rawuta a tagar falo, ɗan akwatin nan mai raba intanet, don mu riƙa jin su. Ni aka ɗora a kanta, wai ni ce 'yar boko. Bokon nawa kuwa bai wuce kunnawa da kashewa ba.

Ana gobe aikin, gida ya cika. 'Yan uwa daga Dutsi, maƙwabta, matan abokan Baba, kowa ya zo taya mu zaman jira. Duk wanda ya gama gaisuwa sai ya miƙo waya a sa masa lambar shiga intanet ɗin. Baba ya ce, "A ba kowa mana. Mutum ya taso takanas saboda mu, a hana shi iska?" Na yi ta sakawa.

Bayan la'asar Kawu ya kira. Da farko ina jin sa sosai. Ya ce, "An kusa wucewa da ita ɗakin da ba a shiga da waya. Ta ce ke take so. Ta ma kore ni, wai in tsaya a waje."

Na ce, "Ni, Kawu? Ko dai ƙanwata?"

"Ke fa. Riƙe."

Na ƙara manna wayar a kunne. Na ji numfashinta, na ji ta yi sallama. Daga nan muryar ta fara tsinkewa. Rabin kalma, shiru, sai wani gurnani kamar daga ƙasan rijiya. Na ce, "Umma, ban ji ba, sake faɗa." Ashe ita ma ba ta jin nawa, ta ci gaba da maganarta. Ta daɗe tana yi. Ban taɓa jin ta yi min doguwar magana haka ba, kuma ko jimla ɗaya ban kama ba.

Na ruga gindin rawutar, na manna wayar a jikinta kamar hakan zai taimaka. Sai a lokacin na lura da falon. Kusan kowa kansa a sunkuye. Samari a zaure suna kallon ƙwallo, wasu mata suna duba bidiyon biki. Na durƙusa gaban yayar Baba na ce, "Goggo, don Allah ki ɗan kashe, Umma ce a waya."

Ta ce, "Ke, wa'azi ne fa nake ji, ba rawa ba. Malam addu'ar marasa lafiya yake. Uwar taki nake nema wa."

Ta yaya zan ɗaga wa Goggo murya a gaban baƙi? Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya a durƙushe, ina roƙo ƙasa-ƙasa, wayar a kunnena, Umma tana ta magana. Wani ɗan uwanmu har da cewa, "Bari a buga fanaretin nan tukuna." Kafin Baba ya gane abin da ke faruwa ya daka tsawa kowa ya kashe, muryar da ta fito tangaram ta Kawu ce.

"Sun wuce da ita. Kun dai gama ko?"

Umma ba ta farka daga aikin ba. A can aka yi mata sutura.

Na tambayi Kawu me ta ce. Ya ce yana waje, bai ji ba, sai dai da ya shiga ya tarar tana murmushi, ta ce masa, "Na sauke." Ta tafi da tabbacin na ji.

Daga baya na zama kamar mai taɓin hankali a kan akwatin nan. Wata ƙawata da ta karanci kwamfuta ta ce min akwai rawutocin da ake saita su su fara ba kira hanya, bidiyo ya jira a baya. Ranar ban ci abinci ba. Na ɗauki tamu na kai wa mai sayar da su a kasuwa. Ya jujjuya ta ya ce, "Hajiya, wannan ƙarama ce, ba ta da wurin saitin. Ko mai shi ma, iya cikin gidanku take da iko. Daga ƙarfen sabis zuwa Indiya ba ruwanta." Na koma wa ƙawata, ta ce gaskiya ne, amma da wayoyin ba su yi yawa ba da wataƙila an ji. Wataƙila. Duk wanda na tambaya, nan yake ajiye ni.

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da wannan ba. Ban riƙe Goggo ba, ban riƙe Baba ba. Amma har yau in ana magana da ni a waya murya ta ɗan tsinke, sai na nemi wuri na zauna.

Da na yi aure, abin da na fara roƙon mijina ba gado ba ne, ba firji ba. Rawuta mai saitin nan na ce ya saya. Ya saya, aka saita, kira ne a gaba da komai a gidana. Jiya ma ya kira ni ta cikinta daga kasuwa, ina jin har kukan akuyar da ke bayansa. Tambaya yake ko attaruhu ya ƙare.