Jikar Farar Tsakata

Na fara ganinta ne a wani shagon dabbobi a unguwar Ulaya, a ƙasar wajen da nake aikin tuƙi, tsaka mai launin madara, babu ɗigo ko ɗaya a jikinta, tana kwance cikin akwatin gilashi kamar amarya. A gida da takalmi muke bin tsaka, amma wannan sai da na saye ta.

Na haɗa ta da namiji mai zanen damisa, ina mafarkin 'ya'ya farare. Duk ƙwan da ya fashe, mai baƙin zane ne ke fitowa. Raina ya ɓaci, na kwashe su na ba abokin zamana a unguwar Sulay, direba kamar ni.

Da suka girma ya haɗa su da junansu. Wata Juma'a ya ƙwala mini kira: "Mutumina, zo ka ga jikarka!" Ga ta fara sol a tafin hannunsa. Ashe farin ɓuya yake yi a jini, ba ya bayyana sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi.

Na ce masha Allah.

Yanzu ya bar tuƙi, yana da shagonsa na sayar da fararen tsaka a unguwar Murabba. Idan aiki ya bi da ni ta layin, ba na juya kai.