Kwanon Hajiya Yalwa

A gidanmu na Madabo, da an idar da sallar magariba sai mu yara mu jawo tabarma bakin murhun Kaka Ladi, inda take gasa mana gyaɗa a toka tana ba mu labari. Ita ce mahaifiyar Ummanmu, kuma Kirista ce, 'yar wani ƙauye a kudancin Kano. Umma ta musulunta tun kafin ta auri Baba, da idon Kaka ya yi rauni kuwa Baba da kansa ya je ya ɗauko ta. Ba ta salla, amma fa duk gidan ba wanda ya kai ta tsawata mana in muka yi nawar alwala.

Baba baduku ne a Kasuwar Kurmi. Shekarar da nake ba ku labari, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, hannunsa na dama ya daina riƙe basilla. To kun san gidan mai sana'ar hannu, in hannu ya tsaya tukunya ma tsayawa take yi.

A unguwarmu akwai al'ada: in maƙwabciya ta aiko miki da abinci, ba kya mayar mata da kwano haka nan. Ko ƙuli-ƙuli ne sai kin jefa. Umma kuwa a wannan fanni ba ta da na biyu, a kawo mata ɗanwake ta mayar da funkaso. Sai ga Hajiya Yalwa, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta shiga aiko mana da tuwo kullum. Ranar farko Umma ta zuba gyaɗa a kwanon. Rana ta biyu ta sa ragowar daddawarta. Rana ta uku ta duba ɗaki kaf, babu abin sawa.

Ina gani ta rufe tuwon da zafinsa, ta ajiye a bakin ƙofa.

"Gobe da safe a mayar mata," in ji Umma. "A ce mun gode, mun ƙoshi."

Ko ni da nake yarinya na san mayar da abinci zagi ne. In kwanon nan ya koma da tuwonsa, zumuncin da suka fara tun suna amare ya yanke ke nan. Ga shi kuma cikinmu sai ƙugi yake.

Kaka ba ta gani sosai, amma kunnenta ko allura ce ta faɗi sai ta ji. Ta ce, "Ke 'yar nan, ƙamshin miyar taushe nake ji, ko hancina ne ya tsufa?"

Umma ta ce, "Iya, ki bar maganar. Ni ba mabaraciya ba ce."

"Wa ya ce ke ce? Ku yara ku matso, ga wata nan tafe, ku ba ta wuri. Amma ta yau ba ƙanzon kurege ba ce, ta faru."

Ta ce a zamanin da, an yi wani manzo na Yesu Almasihu, mai yawo gari gari yana wa'azi. Shi ma sana'ar hannu gare shi, ɗinkin tanti yake yi don kada ya ɗora wa kowa nauyi. Sai aka kama shi aka sa masa sarƙa. Mutanen wani gari mai nisa, talakawa ne su ma, suka harhaɗa ɗan abin da ya sawwaƙa suka ba wani ya kai masa kurkuku. Ɗan aiken ma ciwo ya kama shi a can, da ƙyar ya sha.

"To ku faɗa mini," in ji Kaka, "mai sarƙa a ƙafa, me zai zuba a kwanon mutane?"

Muka ce babu.

"Ashe kuna da hankali, ba kamar wasu manya ba."

Umma na gefe tana hura wuta, ta yi kamar ba da ita ake ba.

Kaka ta ce mutumin bai mayar da kaya ba, bai kuma yi ƙaryar ya ƙoshi ba. Wasiƙa ya rubuta musu, daga farkonta har ƙarshe murna ce da godiya, kai ka ce daga gidan biki aka aiko ta. Ya gaya musu ya san zaman wadata ya san na rashi, kuma dukansu koyonsu ake yi. Ya ce abin da ya fi faranta masa rai ba kayan ba ne, ladan da za su samu ne. Ya tuna musu cewa Almasihu ma da girmansa ƙasƙantar da kai ya zaɓa.

"Ita wasiƙar har yau karanta ta ake yi a majami'a," in ji Kaka. "Da ya yi zuciya ya mayar, da mutanen nan sun tashi a tutar babu, ba kaya ba lada. Mai ƙin karɓa ɓarawon ladan wani ne."

Umma ta ce, "Iya, shi waliyyi ne. Ni kuwa gobe da wane ido zan dubi Hajiya?"

"Da wanda ta dube ki da shi ranar da kika kai mata funkaso. Kin ji ta mutu?"

Muka fashe da dariya. Umma ma ta so ta yi, sai hawaye ya riga ta. Can ta tashi ta ɗauko tuwon, ta fara ɗibar wa Baba, ta zuba mana, ta ci loma biyu. Ta wanke kwanon tas, ta yafa mayafi, ta fita da shi da kanta.

Na lallaɓa jikin katanga na kasa kunne. Na ji Umma ta yi sallama, ta ce, "Hajiya, ga kwanonki. Ba komai a ciki. Mun ci, mun ji daɗi, Allah ya saka da alheri."

Sai Hajiya Yalwa ta ce, "Alhamdu lillahi, yau dai na yi galaba a kanki sau ɗaya, Maman Asabe. Shekara nawa kina kunyata ni da funkasonki? Zauna ki ba ni labarin jikin Malam."

Ni ce Asaben. A lokacin na ɗauka Kaka dabara kawai ta yi don mu ci tuwo. Sai da girma ya zo na gane bayarwa ba ta da wuya, don mai bayarwa hannunsa a sama yake, ana ganinsa. Bara da aka yi mini aiki a gwiwa, surukata, matar ɗana, ce ke kai ni banɗaki tana cuɗa mini baya. Kullum bakina ƙaiƙayi yake in ce mata zan saya mata atamfa in na warke, ko in ce ai da ma zan iya da kaina. Sai in haɗiye. In ce, "Na gode, 'yata," in yi shiru, in bar ta da ladanta.