Kunnuwan Ladidi

Wata Litinin da hantsi, a farkon 1986, ni da ƙanwata Ladidi muna yankar wa awakin Inna ciyawa a bayan filin jirgin Injamena. Ni dai yanka nake, ita kuwa sarauniyar wayo ta ajiye lauje ta bi fara har gindin wayar da ta kewaye filin. Na ɗaga kai na ga wani siririn abu can ƙololuwar sama yana ƙyalli. Kafin in ce mata ta duba, ƙasa ta girgiza, ƙura ta rufe mu. Daga baya muka ji manya na cewa jirgin jefa bam ne daga arewa, irin wanda ya fi ƙararsa gudu.

Muka dawo gida ba ko ƙwarzane, aka yi sadakar gumba, aka ci gaba da rayuwa. Ladidi na surfe, tana ɗebo ruwa, tana cinye mu a 'yar carafke kamar kullum. Sai dai in an kira ta ba ta waiwayowa. Da yake an san ta da kunnen ƙashi, Inna ta ɗauka sabon iskanci ne. "Ina magana kina mai da ni mahaukaciya?" Sai mafici ya sauka a bayanta. A makarantar allo ma ta sha bulala. Ranar da faranti ya faɗi a bayanta kaji suka watse, ita ko gezau, Inna ta zauna daɓas a tsakar gida. Har ta rasu ba ta daina neman gafarar yarinyar nan ba.

Yanzu muna Madina, a Ƙuba, muna sayar da abinci. Kwanan baya ɗana ya nuna mini irin jirgin a waya. An daina aiki da su tuni. Wasu na ruɓewa a hamada, wasu na gidajen tarihi a Rasha, an shafe su da fenti, yara na ɗaukar hoto a ƙarƙashin fiffike. Na yi kuka.

Ladidi takan gane lokacin salla ne in ta ga ana rufe shaguna. Jiya a harabar Masallacin Annabi ta kama hannuna. "Yaya, an fara kira? Da daɗi?"

Na gyaɗa kai. Ban san yadda ake kwatanta kiran sallar Madina da hannu ba.