Sunan Haruna a Bayan Ayisi

A shekarar da sanƙarau ya addabi ƙasar Kano, ni mai gyaran rediyo ne a Tudun Wada. Ban iya karatu ba, amma hannuna ya san aiki. Wani injiniya a birni ya nuna mini cikin kwamfuta. A kan babban allon da ke cikinta akwai wani ayisi, wato ɗan ƙaramin abu baƙi mai ƙafafu da yawa, ana ce masa bayos. Idan babu shi, kwamfuta ba ta tashi.

Wani Alhaji a Kiru ya buɗe shagon buga takardu, ya ɗauki Malam Haruna ɗan Dangora yana buga masa. Ni nake zuwa in share musu ƙurar injin. Wata rana ina sharewa, na sa bakin sukudireba na ɗaga bayos ɗin, na maye gurbinsa da matacce. Na ce wuta ce ta ƙona shi. Bayan kwana uku na mayar musu da nasu, na ce sabo ne daga Ikko. Alhaji ya biya, har da godiya.

Da na sake yin haka, sai Alhaji ya ce wa Haruna, "Kai kake kashe ta da gangancinka. In ta ƙara mutuwa, ka nemi wani wurin." Ina tsaye a wurin ina ji.

Haruna bai yi gardama ba. Ashe bayan na mayar musu da nasu na tafi, ya ciro ayisin, ya liƙa 'yar takarda a bayansa, ya yi rubutu. Da na cire shi karo na uku na ga rubutun, na ɗauka na kamfani ne. Ranar aka sallami Haruna.

Da na dawo da "sabon", na tarar da shi a ƙofar shago.

"Ranka ya daɗe, kafin a sa, a juya bayansa a duba," ya ce wa Alhaji.

Alhaji ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya dube ni. "Mai gyara, ashe mutanen Ikko ma sun san Haruna Dangora?"

Aka kai ni kotu, alƙali ya ba ni shekara biyu a kurkuku. Da na fito na je Dangora na nemi gafarar Haruna. Ya ce, "Na yafe. Amma 'ya'yana sun ji an kira ubansu mai ganganci."

Yanzu ina ajin yaƙi da jahilci, kuma da hannuna na rubuta wannan. Samari, idan mutum ya buɗe muku abin da bai san cikinsa ba, amana ya ba ku. Ku gaya masa gaskiyar abin da kuka gani, ko da aikin bai kawo komai ba. Ni na tuba, kuma ba zan koma ba.

Abin da na rasa shi ne shekara biyu, da shagona, da matata da ta koma gidansu, da jana'izar mahaifina.