Delbert Mai Taswira

Delbert Tackett, mijin yayata Nadine, shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsara wa motocin 'yan makaranta hanya a Bakersfield, bai taɓa tuƙa ko guda ba. Aikinsa na kan tebur ne. Shi ke faɗin wace mota za ta bi wane layi, ƙarfe nawa za ta tsaya a bakin wace gonar lemo. Direbobi na yabonsa, don in Delbert ya ce bakwai da minti huɗu za ka iso kwanar coci, to bakwai da minti huɗun ne. Wannan kam ba zan rage masa ba. Ba ya sha, ba ya duka, ba ya ɗaga murya. Shi ya sa in na ce har yau ina jin haushinsa, sai a dube ni kamar ni ce mai baƙar zuciya.

Shi ɗan garin ne, iyayensa masu tsinkar auduga ne da suka zo daga Oklahoma. Mu kuwa a arewa aka haife mu, can bakin teku, a wani ƙauyen masu saran katako. Babanmu ya karye a wurin aiki, muka kwaso komatsanmu muka gangaro nan cikin zafi da rijiyoyin mai. Lokacin ina da shekara uku, ban riƙe komai ba. Yaya Nadine na da tara, ita ta riƙe. Abin da ba ta gajiya da faɗa shi ne wasu jajayen itatuwa masu tsawo na dajin can. Ta ce ba a ganin ƙarshensu a tsaye, sai mutum ya kwanta rigingine a kan ganye, sannan zai hango kansu can sama yana lilo cikin hazo. Ba ta taɓa roƙon sarƙa ko sabon gida ba. Burinta ɗaya, ta koma ta kwanta a gindinsu ta sake ganin wannan kan.

Delbert ya yi mata alkawari tun yana nemanta. Kuma ban ce bai fara cikawa ba, don shekarar da suka yi aure ya sayo taswira ya manna a bangon kicin.

Daga ƙofar gidansu zuwa dajin mil ɗari shida ne. Mai himma ya tashi da safe, kafin rana ta faɗi yana can. Amma Delbert ba ya yin abu rabi. Ya ce tun da za a fita, a fita gaba ɗaya: mako shida na hutun bazara, gandun dajin gwamnati tara, a fara da itatuwan Nadine, a bi gaɓar teku har Oregon, a zagayo ta duwatsu a dawo ta hamada. Ya soka allurai masu jan kai a taswira, ya ɗaura musu zare. Ya buɗe kundi mai kauri, kowane daji da shafukansa, kowane shafi da kwanan wata a sama cikin ƙaramin rubutunsa mai tsabta. Ya san inda za a sha mai, inda ake samun ruwan zafi, da wurin kwanan da sauro bai cika yawa ba.

Kowace Lahadi bayan coci a gidansu nake cin wake da burodin masara, kuma kowace Lahadi sai an buɗe kundin. Wata shekarar 'yarsu Charlene ta yi ƙanƙanta da tafiya. Wata shekarar mota na bukatar sababbin tayoyi. Da ya sayi tirela, wato ɗan ɗakin kwana da mota ke ja, mai gado biyu, a hannun wani direba, na ce to, yau an zo wajen. Sai ya gano rufinta na yoyo, ya shekara biyu yana gyara. In na tsokane shi sai ya gyara tabarau ya ce, “Ƙanwata, sannu-sannu ba ta hana zuwa.” Ni kuma in ƙarasa masa, “Sai dai a daɗe ba a je ba.” Yaya ta yi dariya ta ƙara mana shayi mai ƙanƙara.

Yana da shekara hamsin da ɗaya ya samo hujjar da ta fi duka. Akwai katin da gwamnati ke ba wanda ya cika sittin da biyu. In kana da shi, kai da duk wanda ke cikin motarka kun dinga shiga gandun daji ke nan ba biya, har ƙarshen ranka. Delbert ya ce wauta ce mutum ya yi ta biya a ƙofa tara alhali kati na tafe. Daga ranar magana ta koma, “Idan katin ya zo.” Shekara goma sha ɗaya fa ake magana, amma yana faɗa kamar jibi ne. Mutanen coci har suna yaba masa da hangen nesa.

Saura shekara huɗu katin ya zo Yaya ta fara ganin layukan littafin waƙoƙi suna karkacewa. Ni na kai ta wurin likitan ido. Ya yi mata bayani a hankali, cewa tsakiyar ganinta ne ke mutuwa, gefe-gefe zai rage, amma duk abin da ta zuba wa ido kai tsaye shi ne zai ɓace. Da muka miƙe ya ce mata in akwai abin da take son gani a duniya, kada ta bari sai baɗi.

Ran nan ban jira Lahadi ba. Na sami Delbert a bayan gida yana shafa wa tirela kakin ƙyalli. Na faɗa masa abin da likita ya ce, ban rage ko kalma ba. Ya ci gaba da murza tsumma, sannan ya ce likitoci sun cika tsorata mutane, kuma shekara huɗu kamar yau ne.

Na ce, “Delbert, idon matarka ake magana, ba tayar mota ba. Ni zan biya a ƙofar, ko ƙofa nawa ce.”

Ya ce, “Ba maganar biya ba ce, Verna. Tsari ne. In aka taɓa ɗaya, duka sun rushe.”

Na bar shi na shiga wurin Yaya, na ce ta haɗa kaya kala biyu, ranar Asabar in kai ta da motata, mu kwana ɗaya mu dawo. Ta ƙi. Ta ce tafiyar Del ce, shekara talatin yana gina ta, ba za ta je a bayan idonsa ta bar shi da taswira a bango ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi wata biyu ban taka gidan ba. Daga baya na koma na ci gaba da cin wake. A nan nawa laifin yake, kuma na sani. Da na ɗauke ta da ƙarfi na tura a mota, da fushin mako ɗaya za ta yi.

Shekarun nan huɗu na ga yadda abin ke tafiya. Ta daina ɗinki, ta daina tuƙi. In za ta dube ni sai ta karkatar da kai kamar kaza, ta kama ni ta gefen ido. Shi kuwa kundi ƙara kauri yake yi.

Ranar da ya cika sittin da biyu ya sa rigar coci ya tafi ofishinsu tun ba a buɗe ba. Ya dawo da katin a aljihun gaba, ya miƙa wa Yaya ta shafa. A watan Yuli aka sa rana. Da safiyar tafiyar sai ga shi yana dafe da ƙugu, wai baya ya riƙe, ko zan tuƙa zangon farko. Ya kuma ce a bar tirela, ya lura burkinta ba shi da kyau. Na tuƙa zangon farko, na tuƙa na biyu, na tuƙa har ƙarshe. Yana gefe da kundi a cinya yana faɗa mini inda zan juya. Da muka shiga hanyar duwatsu na ga ya riƙe hannun ƙofa har yatsunsa sun yi fari, na ɗauka ciwon bayan ne.

Rana ta biyu da hantsi muka shiga cikin itatuwan. Sanyi ya bugo, hanya ta yi duhu kamar hadari ya haɗu. Yaya ta sauke gilashi ta shaƙi iska, ta ce ƙanshin bai canja ba. Delbert ya zaro kati ya riƙe a hannu yana jiran ƙofa. Muka yi mil biyar, muka yi goma, babu ƙofa, babu mai tsayarwa. Muka tsaya a wani ɗan gini na ma'aikatan daji, ya shiga ya ajiye katin a gaban wata mata mai kaki da faffaɗar hula. Ta yi murmushi ta taya shi murna, ta ce katin zai yi masa amfani a wurare da yawa, amma nan ba a biyan kuɗin shiga, kowa shiga yake kawai, haka abin yake tun can.

“Ashe?” in ji Delbert. Ya mayar da katin aljihu a hankali.

Wallahi a lokacin tausayinsa na ji. Na ce a raina bawan Allah ya yi jiran gawon shanu, shekara goma sha ɗaya a kan ƙofar da babu ita.

Na kama hannun Yaya muka bi wata siririyar hanya, shi yana biye a nesa. Ta tsaya a gindin wani itace wanda mutum goma ba za su zagaye shi da hannu ba. Ta shafa ɓawon, ta cire takalmi, ta kwanta rigingine a kan ganye da rigarta mai kyau. Na ga ta kafa ido sama. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu. Ta daɗe tana yi. Sannan ta ce tana ganin kore-kore a gefe, amma tsakiya toka ce kawai, kuma ba ta san ko hazo ne ko idonta ba.

Babu hazo ranar. Sama tas take, kan itacen na lilo a hankali daidai yadda ta yi shekara hamsin tana faɗa mini. Ni da ban roƙa ba, ni na gani. Na ce mata hazo ne.

Ta ce in karanta mata abin da Del ya rubuta a kan wurin. Na karɓo kundin a hannunsa, ya koma can gefe ya zauna a kan wani kututture. Na buɗe shafin farko na fara: tsawon itatuwan ya haura ƙafa ɗari uku, waɗansu sun girmi shekara dubu, a taho da rigar sanyi ko da bazara ne. Sai idona ya faɗa kan layi na huɗu. Da rubutunsa, da jan layi a ƙasa: “Nan babu ƙofa, ba a biyan kuɗin shiga.” Na duba kwanan watan da ke sama. Shekara goma sha biyu da suka wuce, shekara guda kafin ya fara zancen kati.

Haushi ya kama ni. Na haɗiye, na tsallake layin na ci gaba da na biyar.

“Kin tsallake ɗaya,” in ji Yaya. Tana kwance, ba ta ko motsa ba. “Na huɗu. Na karanta shi da idona, lokacin ina da ido.”

Na ce, “Yaya, kin sani? Kin sani kika zauna?”

Ta yi ƙasa da murya don kada ya ji. Ta ce yana ɗan shekara sha tara motar babansa ta zame da shi a hanyar dutse, ta tsaya da taya ɗaya a bakin rami. Tun daga ranar bai ƙara iya tuƙi inda ƙasa ke da gangare ba, kuma ban da ita ba wanda ya taɓa faɗa wa. Mutumin da duk direbobin gari ke zuwa tambayarsa hanya.

“In na ƙwace masa katin, Verna, da me zai tsaya a gaban mutane?”

Na ce, “Ke kuma da me za ki ga itacen?”

Ta miƙo hannu na ɗaga ta, na kakkaɓe mata ganye a baya. Ta ɗaga murya ta kira shi, ta ce, “Del, sun yi kyau. Na gode.” Ya taso yana murmushi, ya ce ai ya faɗa mata watan Yuli ya fi dacewa. Da ya buɗe shafin daji na biyu ta ce ita ta gaji, a koma gida. Bai yi musu ba, har na ga kafaɗunsa sun sauka.

Shekara shida ke nan. Taswira na nan a bango, alluran sun yi tsatsa, tirela ta zama ɗakin ajiyar gwangwanin fenti. Katin na cikin walat ɗinsa, ba a taɓa nuna shi a wata ƙofa ba. A coci yakan ba da labarin yadda ya kai matarsa ta ga itatuwan ƙuruciyarta, mutane su ce Nadine ta yi dacen miji. Ita tana gefensa da kai a karkace, tana murmushi.

Ran Lahadin da ta wuce muna wanke kwanuka ta tambaye ni, ba tare da ta juyo ba, ko da gaske hazo ne ranar. Na ce mata hazo ne.

“Haka na ce,” in ji ta, ta miƙo mini faranti. “Ke ma kin iya ƙarya.”