Baffa Idi da Fitila Biyu

Duk wanda ya san Baffa Idi a unguwar Amriguébé ya san buhun algararar nan. Kafin ya kai ruwa bakinsa da safe, sai ya jiƙa buhun ya shimfiɗa a kan batiran da ke ƙarƙashin kujerar Hajiya. Hajiya kuwa ba mutum ba ce, 'yar motar lantarki ce irin ta masu wasan golf. Da ita ya yi ta jigilar baƙi a wani otal, da ya ajiye aiki suka bar masa.

Gudu? Allah ya kiyaye! "Bishesh," yake cewa da Larabcin gari, wato a hankali. Ni 'yar ƙaninsa ce, kuma ba ni da haƙuri. Ran nan na ce, "Baffa, jaki fa ya wuce mu!"

Ya ce, "Shi ciyawa ko'ina akwai. Ni kuran, wutar lantarki, nake jira, kin san ranar da za a kawo?"

Fitilu biyar ne a gaban sitiyari, su ke nuna ƙarfin batir. Dokarsa ɗaya ce: in sun koma biyu, sai gida, wai zuƙe batir ƙarƙaf shi ke kashe shi. Kun tuna ranar da ya ɗauko liman zuwa ɗaurin aure? Fitila ta uku na mutuwa ya taka birki a tsakiyar titi.

"Liman, a ƙarasa da ƙafa. Ai ya fi lada."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, ban san dokar nan za ta zo kaina ba.

Tsakiyar bazara ce, mai ya yi wuya a gari, babu taksi, babu mai babur. Naƙuda ta kama ni da azahar, mijina yana shago a kasuwar Grand Marché, wayarsa ba ta shiga. Ungozoma ta duba ni ta ce ɗan a gicciye yake, a kai ni asibiti yanzu-yanzu. Ashe da hantsi an kawo wuta, Baffa ya taɓa batiran da bayan hannu ya ce, "Da zazzaɓi, ba a sa mata caji da zafi." Kafin su huce an ɗauke. Fitila uku muka tarar.

Inna ta kwantar da ni a kujerar baya, muka fita. Tafiya muke kamar masu rakiyar amarya.

"Yaya, don girman Allah ka taka!" in ji Inna.

"Bishesh. In ta yi zafi, da kanta za ta tsaya. Sai ki goya Zuwaira?"

Bai ƙare a nan ba. Gindin wani dogon yaro ya samu ya tsaya, ya ɗaga kujerarsa yana yayyafa wa buhun ruwa, ni ina cizon mayafi. Wallahi na tsane shi a wannan lokacin. Da ina da ƙarfi da na shaƙe shi, baffana ne ko ba baffana ba.

Mun tashi ba mu yi nisa ba, fitila ta uku ta mutu. Saura biyu, asibiti kuwa ko alamarsa babu.

Ya taka birki. Inna ta fara salati. Na ce shi ke nan, inda aka sauke liman, ni wace ce? Ya dubi fitilun, ya waiwayo ya dube ni. Ban san me ya gani a fuskata ba. Sai ya ɗaga kujerar, ya janye jiƙaƙƙen buhun daga kan batiran, ya miƙa wa Inna.

"Ɗora mata a kai."

Sannan ya taka. Ashe Hajiya ta iya gudu! Fitila ta koma ɗaya, ta yi ja, tana ƙyaftawa. Wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya taso daga ƙarƙashin kujera. Baffa bai ko kalli fitilar ba. Da muka shiga rairayi Hajiya ta fara ja da baya, tsohon nan ya dira, hannu ɗaya a sitiyari, kafaɗa a jikinta, yana turawa yana haki. Daidai ƙofar asibiti ta yi shiru.

Aka yi min aiki, aka ciro ɗa namiji da ransa. Batiran kuwa sun kumbura, Hajiya ba ta sake tashi ba har Baffa ya bar duniya.

Kwana uku da haihuwar ya shigo ɗakin yana cin magani.

"Zuwaira, kun kashe min Hajiya."

"Baffa, ka yafe mana."

"Miƙo min mai laifin."

Na miƙa masa. Ya ɗora bayan hannunsa a goshin jaririn, kamar yadda yake yi wa batir, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Babu zafi," ya ce. "A sa masa caji."

Idrisu muka raɗa masa. Buhun yana cikin akwatina har yau, na kasa yar da shi. Allah, Baffa bawanka ne da bai taɓa barin abin da ke hannunsa a rana ba. Ka yafe masa, ka sa shi a inuwarka, ka sanyaya makwancinsa. Amin.